KWANA HUƊU A TSOHON BIRNIN FAS

Daga Wakilinmu

Tun zamanin kakanninmu, in baƙo ya sauka a gari ba ya rasa ɗayan abu biyu. Ko ya nufi ƙofar sarki ko ta mai unguwa a ba shi masauki, ko kuwa, in falke ne, ya nemi fatoma ya sauke kaya a zaurensa, ya ci abincin gidan, shi kuma fatoma ya nemo masa masu saye ya karɓi la'adarsa. Da zamani ya juya sai aka sami otal, watau dogon bene mai ɗaki ɗari ko fiye, inda ba wanda ya san sunanka, sai lambar ɗakinka. To, yanzu akwai wani iri na uku da ya ke yaɗuwa a tsofaffin biranen duniya, wanda ya ɗebo wani abu daga wancan, ya ɗebo wani daga wannan. Tsohon gidan iyali ne a tsakiyar unguwa, a gyara shi, a mai da shi ƙaramin otal mai ɗaki shida ko goma. A irin wannan gida na kwana huɗu cikin watan Janairu a birnin Fas na ƙasar Maroko, na kuwa ga ya kamata in ba masu karatu labarin abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi.

SAUKA

Daga Kasabalanka na shiga jirgin ƙasa, muka bi ta Rabat da Miknas, muka isa Fas bayan kamar sa'a huɗu. Tashar jirgin tana cikin sabon gari ne, wanda Faransawa suka gina, mai faffaɗan tituna da itatuwa a jere. Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan motocin haya jajaye na garin, na nuna wa direba sunan masaukina a takarda. Muka yi ta tafiya har muka iso gindin ganuwa, wajen wata ƙofa da a ke kira Bab Bu Julud, wadda aka gina a 1913, fuskarta ta waje shuɗiya, ta ciki koriya. Nan direba ya tsaya, ya sauke mini akwati, ya ce, "Malam, iyakata ke nan." Na ce ina otal ɗin? Ya nuna cikin gari da haɓa, ya ja motarsa.

Ashe mota ba ta shiga tsohon birnin. Ba wai hani kaɗai ba ne, hanyar ce babu. Ina tsaye ina waige-waige sai ga wani saurayi da amalanken hannu, ya kira sunana, ko da ya ke ya karya shi gida uku, ya ce maigidan ne ya aiko shi. Ya ɗora akwati, ya tura, na bi shi a baya.

Jama'a, na san lungunan cikin birnin Kano, na san na Zariya, amma ban taɓa ganin irin waɗannan ba. Mutanen garin su kan ce sun kai dubu tara, ni dai ban ƙidaya ba. Akwai manyan hanyoyi biyu da su ke gangarawa daga ƙofar nan zuwa tsakiyar gari, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, amma babbar cikinsu ma in alfadari ya taho da kaya sai kowa ya manne da bango. Mai alfadari ya kan taho yana ihu, "Balak! Balak!" watau a kauce. Wanda bai san kalmar nan ba zai koye ta tun ranar fari, in ba da kunne ba, da kafaɗa. Muka bar babbar hanya, muka karya dama, muka karya hagu, muka bi ta ƙarƙashin wani gida inda duhu ya ke kamar da magariba, lungu yana ta tsukewa har amalanken yana gogar bango. Can ƙarshe muka tsaya a gaban wata tsohuwar ƙofar katako mai ƙusoshi, cikin wani dogon bango duk ya yi dabbare-dabbare, ba taga, ba allo, ba fitila. Gabana ya faɗi. Na riga na biya kuɗin kwana huɗu ta intanet tun ina gida, na ce a raina, shi ke nan, an ci ni da hoto.

CIKIN GIDA

Aka buɗe wata 'yar ƙofa da ke jikin babbar, na sunkuya na shiga. Soron shiga karkatacce ne, yadda wanda ke waje ba zai hangi cikin gida ba, daidai da hikimar zaure da shigifa a gidajenmu. Da na karya kwana ta biyu sai na tsaya cik.

Tsakar gida ce mai kusurwa huɗu, sararin sama a bisa, bene hawa uku ya kewaye ta. A tsakiya ga kwarmin farin dutse ruwa yana ɓuɓɓugowa, ga itacen lemo guda huɗu ɗauke da 'ya'ya. Daɓen ƙasa da jikin bango, har zuwa kafaɗar mutum, duk an lulluɓe su da abin da su ke kira zallij. Yumɓu ne a ke gasawa da launi mai ƙyalli, sa'an nan mai sana'a ya zauna da 'yar guduma mai kaifi ya sassare shi gutsi-gutsi, wani kamar tauraro, wani kamar ƙwayar dabino, a jera su a kife a ƙasa, a zuba musu kwaɓi a baya, in ya bushe a ɗaga a manna a bango. Mai jerawa ba ya ganin launin abin da ya ke jerawa, da ka ya ke riƙe da zanen. Bisa zallij kuma farin shafe ne da aka sassaƙa tun yana ɗanye, ya fito kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Can sama ga katakon itacen arzi, wanda a ke sarowa daga duwatsun Atlas, kudu da garin. Ƙofofin ɗakuna sun yi tsawon mutum biyu. Hayaniyar kasuwa da na baro ko kusa ba ta shigowa, sai ƙarar ruwa da kukan tsuntsaye.

Maigidan, wani magidanci mai furfura kaɗan, ya tarye ni da fara'a, ya zaunad da ni, aka kawo shayi da na'ana'a mai zaƙi ƙwarai, ana tsiyaya shi daga sama don ya yi kumfa. Sai da na sha tukuna ya kawo takardar da hukuma ta wajabta wa kowane baƙo cikawa, da suna, da lambar fasfo, da inda aka fito, da inda za a. Akawuna za su so wannan tsari, gama ba a bar gurbi ko ɗaya ba. Na gwada masa Larabcin da na koya a gaban malam, ya saurara da ladabi, ya ce rabonsa da jin irin wannan magana tun huɗubar Jumma'a. Nasu Larabcin na kasuwa, wanda su ke kira Darija, sun haɗiye rabin wasullansa, sun zuba Faransanci da Berberanci a ciki. Haka dai muka yi ta lallaɓawa har muka fahimci juna.

Shi ya bayyana mini bambancin sunaye. In tsakar gida tana da lambu da itatuwa, gidan riyal ne, ko riyad yadda a ke rubutawa. In kuwa daɓe ne kawai da ruwa, sunansa dar. Amma tun da ya ke masu yawon buɗe ido sun fi sanin kalmar fari, yanzu kowa da riyad ya ke kiran gidansa, ko da tukunyar fure ɗaya ce a ciki. Ɗakin da aka ba ni sunansa masriyya. Wani ɗan sashe ne a sama mai matakalarsa dabam, wanda a da a ke sauke baƙi maza a ciki ko a ba babban ɗan gida, don su shiga su fita ba tare da sun ratsa wajen mata ba. Na ce masa mu ma muna da irinsa, samarin gida a ɗakin ƙofar gida su ke kwana.

ASALIN GARIN

Wanda zai kwana a unguwa ya kamata ya san ko ta wane ne. Idirisu na Ɗaya, jikan gidan Annabi da ya gudo daga Gabas, shi ya kafa gari a gefe ɗaya na kogin a 789. Ɗansa Idirisu na Biyu ya kafa wani a ɗaya gefen a 809. Mutanen Kurɗuba ta Andalus da aka kora bayan tawayen 818 suka zauna a wancan gefe, mutanen Ƙairawan ta ƙasar Tunis suka zauna a wannan, har yau kuwa da sunayensu a ke kiran ɓangarorin biyu. Kowane gari da ganuwarsa, sai wajen 1070 Yusufu ɗan Tashfin ya rushe abin da ke tsakani ya haɗe su. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda marubutan tarihin garin suka ce wata mace mai suna Faɗimatu Alfihriyya ta gina da dukiyar gadonta a 859, shi ne cibiya. A 1276 sarakunan Banu Marin suka gina wani sabon gari a gefe, Fas Jadid, suka kuma cika tsohon da makarantun kwana na ɗalibai, irin su Aɗɗarin da aka gama a 1325, da Bu Inaniyya da aka gina tsakanin 1350 da 1355.

Saukar baƙi ba sabon abu ba ne a Fas. Malaman makaranta da su ke koyad da tarihi sun san Hasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A garin nan ya tashi, kuma cikin littafinsa, da ya gama a Rum a 1526 aka buga a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ya ba da labarin cewa a zamaninsa masaukan baƙi a Fas sun kusa 200, waɗansu hawa uku ne, da ruwa a ciki, amma ba a ba baƙo gado, sai tabarma da mayafi, abinci kuwa shi zai sayo ya bayar a dafa masa. Sunan irin wannan masauki funduƙ: dabbobi da kaya a ƙasa, fatake a sama. Na ziyarci ɗaya, Funduƙun Najjarin da aka gina a 1711, wanda yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne na aikin katako. Da na ga manyan ma'aunai a tsakar gidan sai na tuna da fatoman Kano. Sana'a ɗaya ce, ginin ne ya bambanta.

YADDA GIDAJE SUKA ZAMA OTAL

A 1912 aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta sa Maroko ƙarƙashin Faransa, a cikin Fas ɗin nan. Faransawa suka ɗauke hedkwata suka kai Rabat, ciniki kuma ya koma bakin teku, Kasabalanka. Ba su rushe tsohon birni ba, nasu garin suka gina a gefe suka bar shi yadda ya ke. Sannu a hankali manyan iyalan Fas, attajirai da malamai da alƙalai, suka bi kasuwa da mulki, musamman bayan samun mulkin kai a 1956. Suka bar gidajensu ga mutanen ƙauye da suka shigo neman abinci. Gidan da a da iyali ɗaya ke ciki sai ya zama kowane ɗaki da iyalinsa, an gitta labule ko katako a tsakar gida. Masu gida sun yi nisa, magada sun yi yawa, 'yan haya ba su da abin gyara. Rufi ya fara yoyo, azara ta ruɓe, bango ya tsage. Duk wanda ya zaga lungunan zai ga inda aka tokare gida da gida da manyan katakai don kada su faɗo wa mutane.

A 1981 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1989 kuma gwamnati ta kafa wata hukuma ta musamman don ceton gine-ginensa. Amma gidaje dubbai ne, aljihun hukuma ba ya isa. Da ma an taɓa gwada wata dabara: gidan wani waziri, Ƙasar Jama'i, da aka gina a 1879 a gefen ganuwa, an mai da shi babban otal tun wajen 1930. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai mutane suka shiga yin haka da ƙananan gidaje na tsakiyar unguwa, waɗansu 'yan ƙasa ne da suka komo gidan kakanninsu, waɗansu kuwa Turawa ne da suka saya.

Maigidana yana cikin kashi na fari. Ya ce sai da ya bi 'yan'uwansa magada ɗaya ɗaya, wani a Kasabalanka, wani a Faransa, kafin kowa ya yarda ya sa hannu, wannan kuwa ya fi ginin kansa wuya. Sa'an nan aikin gyara. Kowane buhun yashi da kowane katako a bayan alfadari ko jaki ya shigo, kowane kwandon tarkace haka ya fita. Ya nuna mini wani bango inda tsohon zallij ya haɗu da sabo, ya ce in nuna masa iyaka. Na duba, na duba, na kasa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce mai aikin da ɗansa suka yi shi, da kuwa ba don irin waɗannan gidaje ba da yaron yana tuƙin mota yanzu.

SAFIYA DA YINI

Da asuba kiran salla ya tashe ni. Ba ladan ɗaya ba, ba goma ba. Garin cikin kwari ya ke, sai muryoyin su taso daga ko'ina su haɗu su yi ta kewaya kamar ruwa a ƙwarya. Na hau kan soro da bargo a kafaɗa. Da gari ya waye sai ga rufin gidaje fari fat har iyakar gani, ga koren rufin Ƙarawiyyin da na hubbaren Idirisu na Biyu, can bisa dutse ga kangon kaburburan Banu Marin, da wata ganuwar tsaro da Sarki Ahmadu Almansur ya gina a 1582, shi ne wanda ya aika da rundunar da ta karya daular Songhai a 1591.

Karin kumallo a tsakar gida a ke yi. Akwai wata waina mai ƙananan huji kamar saƙar zuma, suna ce mata bagrir, da wani fanke mai ninki sunansa musamman, da zuma, da man zaitun, da gurasa mai zafi. Gurasar ba a gidan a ke gasa ta ba. A kan kwaɓa a gida, a jera a faranti, a rufe da ƙyalle, yaro ya kai gidan gashi na unguwa, mai gashi kuwa ya san farantin kowane gida. Sun ce unguwa ba ta cika unguwa ba sai tana da abu biyar: masallaci, da famfon jama'a, da gidan gashi, da gidan wanka, da makarantar allo. Na bi na ƙidaya a tamu, duk suna nan.

Rana ta biyu na ce ba na bukatar ɗan rakiya, ai ina da taswira a wayar hannu. Baƙo ko da ido makaho ne. Cikin lungunan nan wayar ta rikice, ta nuna ni a kan rufin wani gida. Yara suka yi ta ce mini, "An rufe, an rufe," wani da gaskiya, wani don in ba shi lada ya kai ni inda ya ke so. Sai daga baya aka koya mini cewa allon sunan lungu in mai kusurwa shida ne, hanyar ba ta ɓullewa, in mai huɗu ne tana ɓullewa, kuma duk wanda ya ɓace ya bi hawa, zai fita wata ƙofa.

Ɓatan nan ya yi mini rana, gama shi ya kai ni unguwar da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ta ke. Shehun mutumin Ainu Mali ne ta ƙasar Aljeriya, ya zauna a Fas daga 1798, ya rasu a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyar. A lungun nan na ga 'yan Senegal da 'yan Mali da manyan riguna, ina cikin tafiya kuma sai na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Alhaji, ka riƙe takalmanka." Na juya muka gaisa, muka yi ta tambayar mutanen gida kamar mun shekara da sani. Su ba a riyad suka sauka ba. Akwai gidajen haya masu sauƙin kuɗi kewaye da zawiyar, inda masu ziyara kan haɗu su kama ɗaki su dafa abincinsu, kusan yadda Alwazzan ya kwatanta.

Na je majemar Shuwara kuma. Daga kan benen masu sayad da jakunkuna a ke leƙa ta, a miƙa maka reshen na'ana'a ka riƙe a hanci. Ramuka ne jere kamar na marinar Ƙofar Mata, waɗansu farare na jiƙon fata, inda a ke zuba kashin tattabara don ta yi laushi, waɗansu na rini, majema suna ciki har cinya. Mai kantin ya shiga yaba mini fatar Maroko. Na ce masa, a da jan fatar awakin Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ta kan ƙetare hamada ta Kano, Turawa su saye ta a bakin tekun Arewa su kira ta da sunan ƙasarsu. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ji ba, bai kuwa rage mini ko dirhami ɗaya ba.

ABIN DA BA A SA A HOTO

Kada mai karatu ya zaci kome daɗi ne. An gina gidajen nan don maganin zafin bazara ne, da kauri da tsawo da inuwa. Da hunturu kuwa sanyi ya kan shiga har ƙashi. Na'urar ɗumama ɗakina ta yi ta nishi duk dare, zafin ya tafi can sama wajen azara ya bar ni a ƙasa ina makyarkyata. Matakala tsukakku ne, kowane taki ya kusa gwiwa, dattijo ko mai ciwon ƙafa ya nemi ɗakin ƙasa tun kafin ya biya. Tagogi duka tsakar gida su ke kallo, sabo da haka in wani baƙo ya yi tari a hawa na ɗaya, na hawa na uku zai ce masa sannu. Kuɗin kuwa ba na talaka ba ne.

Amma babban abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. A bakin lungunmu akwai wani dattijo maɗinki, mai ɗan shago wanda bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Kullum in na wuce mu kan gaisa. Ran na uku ya ce in zauna, ya aika aka kawo shayi. Na ce, "Baba, lungunku ya yi kyau, an gyara gidaje." Ya ci gaba da ɗinki bai ɗaga kai ba. Can ya ce, "Ɗana, kai ne na gani a kan soro jiya da asuba?" Na ce ni ne. Ya ce, "Sa'ad da na ke yaro, namiji baligi ba ya hawa soro. Wurin mata ne. Nan su ke shanya, nan su ke shan iska da la'asar, ta nan su ke ƙetarawa gidan maƙwabta su yi hira. Yanzu matata da 'ya'yana sun bar hawa, gama ko ta ina baƙo ne da abin ɗaukar hoto." Kunya ta kama ni, na rasa abin faɗa.

Ya ci gaba. Ya ce gidan da ke kallon nawa iyali biyar ne a ciki a da, da aka sayar duk sun koma bayan gari, yaran da su ke cika lungu da wasa babu su. Mai sayad da gawayi ya tashi, mai sayad da katin hoto ya zauna a wurinsa. Na tambaye shi, to, da a bar gidajen su rushe? Ya ajiye allura ya ce, "A'a. Na ga gidan da ya faɗa wa mutane da dare, ban so in sake gani. Ɗan ƙanena ma a gidan da ka ke ya ke aiki, shi ya turo maka kaya. Ni dai abin da na ce, wanda ya shigo unguwa ya tambayi yadda a ke zama a cikinta."

Da dare na kai wa maigida maganar. Bai yi musu ba. Ya ce ya ɗaga bangon soro ta gefe biyu, saura gefe ɗaya, kuma ba ya sayad da giya, bai kuma haƙa wurin iyo a tsakar gida ba kamar yadda waɗansu su ke yi, har damshi ya bi bango ya shiga gidan maƙwabci. Amma ya ce in ya rufe soron duka, baƙi ba za su zo ba, gama hangen gari su ke saye.

A ganina dukansu biyu suna da gaskiya, amma ta dattijon ta fi nauyi. Abin da ya sa kwana a gidan nan ya fi kwana a dogon benen sabon gari, ai ba zallij kaɗai ba ne. Yaron nan ne mai farantin gurasa, da maɗinki, da ladan, da makarantar allo. In kowane gida a lungu ya zama otal, baƙo zai fito ya tarad da baƙo ɗan'uwansa kawai, abin da ya biya kuɗi ya zo gani ya riga ya ƙaura. Na ji akwai wani shiri a garin da a ke taimakon iyalai su gyara ɗaki ɗaya ko biyu su sauke baƙi alhali suna zaune cikin gidansu. Wannan ya fi kama da hanyar fatoma, ya kuma fi kwanta mini.

Ina kwance ina ta tunanin gida. Mu namu ginin na ƙasa ne, in an shekara biyu ba yaɓe damina ta fara cinsa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun tsira don an mai da su gidajen tarihi, tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013. Amma gidajen attajirai da malamai nawa ne a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram, masu bakan gizo da zanko da zanen magina, aka rushe aka zuba bulo da kwano? Ban ce a kwaikwayi Fas ido rufe ba, tun da na ji abin da maɗinki ya faɗa. Sai dai maginin da ya iya ɗaurin guga, in ba mai kiransa aiki, ba zai koya wa ɗansa ba.

Daren ƙarshe aka yi mini bastila, watau naman tattabara da ƙwai da 'ya'yan itace a cikin ɓawon alkama mai rauni kamar takarda, an barbaɗa sukari da kirfa a kai. Nama da sukari bai saba da bakin Bahaushe ba, amma na cinye. Da asuba ban hau soro ba. Saurayin nan ya zo da amalankensa, muka fita ta 'yar ƙofa. Shagon dattijo yana rufe, na ba yaron ɗan abin da na tanada, da goro biyar da suka rage mini, na ce ya kai wa baffansa. Muka kama hawan Tala'a Kabira, shi yana turi ni ina haki, muka iso Bab Bu Julud ana buɗe kantuna, jirgin Kasabalanka kuwa saura minti arba'in ya tashi.